Kunkuru Mai Ƙafa Uku a Bangon Birsi

Shekara talatin da ɗaya ina yaɓe bangon gidan yayana Etwa, kuma a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa tsayawa a ƙofa ya ce Mangri ta iya yaɓe. Zanen ake yabo. Ni ce mai zuwa bakin rafi da kwando, ni ce mai kwaɓa ƙasa da kashin shanu da ƙaiƙayi har dugadugaina su yi faso, ni ce mai bin bangon da tafin hannu sai ya yi sumul. Sannan Birsi, matar yayana, ta zo da asuwakin da ta tauna bakinsa, ta tsoma a jar ƙasa, ta ja layi uku, sai ga saniya tana kallonka. Na ji haushi na shekara biyu, na gaji na bari. Sau ɗaya na gwada zana ɗawisu, Birsi ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni cikin ladabi ko kabewa ce.

Haka muke yi duk shekara idan damina ta ɗauke, shinkafa ta nuna, bikin Sohrai ya matso, lokacin da ake yi wa shanu wanka a shafa musu mai a ƙaho. A rufe zanen bara da sabuwar ƙasa, na bana ya hau kai. Kowace mace da alamarta. Ta Birsi balbela ce a tsaye a bayan saniya, kuma ko daga hanya ka hango ka san hannunta ne.

'Ya ɗaya suka haifa, Karmi. Tana shekara biyar ta saci asuwakin uwarta ta zana kunkuru a ƙasan bangon baranda, can kusurwa inda muke jingine tsintsiya. Mu zuriyar Ekka ne, kunkuru namu ne, ba ma cinsa, don haka uban ya ji daɗi ƙwarai. Sai dai ƙafa uku ta yi masa. Da aka tambaye ta ina ta huɗun, ta ce ya ɓoye ta ne, kunya yake ji.

Tana shekara goma sha tara ta tafi birnin Ranchi koyon ɗinki. Ɗinkin bai yi wata huɗu ba ta haɗu da wasu samari da 'yan mata masu yawo da gwangwanayen fenti na fesawa, suna bin ƙarƙashin gada da bayan tasha suna zane a bangon da ba na ubansu ba. An kama ta sau biyu. Daga baya kuma mutanen da suka kama ta ɗin suka koma kiranta ta zo ta zana musu bangon makaranta. A ƙasan duk abin da ta zana tana sa ɗan kunkuru mai ƙafa uku, da shi aka san ta.

A shekararta ta uku a birni ta zo gida bikin Sohrai da jaka tana ƙarar gwangwanaye. Na gama yaɓen baranda ke nan ya bushe, ni da Birsi muka tafi ɗebo farar ƙasa. Da muka dawo da rana, sai muka tarar da fuskar Birsi a bango, tsayinta ya kai ƙofa. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma ban fasa faɗa ba har yau. Ga jarfa ukun nan na goshinta, ga yadda take matse ido ɗaya idan za ta yi faɗa. Karmi na tsaye a gefe, hannu duk fenti, tana murmushi tana jira.

Birsi ta sauke kwandonta a hankali. Ta ce, "Na mutu ne ban sani ba?"

"Inna, kyauta ce na yi miki."

"A gidan nan aka haife ki. Kin taɓa ganin an ɗora fuskar mai rai a bango? Saniya ake zanawa, tsuntsu ake zanawa. Kin je kin ɓata bangon mutane bai ishe ki ba, kin zo kina kira mini abin da ban shirya ba."

"Wannan ai tsohon zance ne, Inna."

"To tsohuwar ce mai bangon." Ta juyo ta dube ni. "Mangri, rufe shi."

Na rufe shi. Wannan ne abin da na yi, kuma ba zan ce wani ya riƙe mini hannu ba. Ƙasar ma ƙin kamawa ta yi, don fentin santsi gare shi, sai da na yi sau uku ina ƙara kashin shanu. Karmi na zaune a kan turmi tana kallona har na gama. Washegari ta bi motar safe, ba ta tsaya bikin ba. Shekara bakwai ba ta tako ƙauyen nan ba. Takan kira ubanta a waya, ya miƙa wa uwar, uwar ta ce hannunta da kwaɓi. Su biyun kansu ɗaya ne, dutse ya fi su laushi.

Birsi ta yi zanenta na ƙarshe tana tari. Wata ɗaya bayan biki, da sanyi ya shigo, ciwon ƙirjin ya kwantar da ita, kwana shida ta tafi. Karmi na wani gari mai nisa tana aikin bango, wayarta a kashe. Ta iso washegarin ranar da muka kai uwarta. Ba ta ga fuskarta ba, ba ta zuba mata ƙasa ba. Ta shigo tsakar gida ta tsaya gaban baranda, inda shanun Birsi bakwai suke jere da balbelarsu, ta daɗe a tsaye har na kawo mata shayi ya huce a hannuna.

Ba ta koma Ranchi ba. Jakar gwangwanayen ta rataye ta a ƙusa. Abokanta suka yi ta kira har suka gaji. Wata rana na leƙa bayan garken shanu na gan ta riƙe da gwangwani ɗaya a gaban wani tsohon kwano, tana so ta danna, hannun yana rawa kamar na mai zazzaɓi. Ta daɗe a haka, sannan ta mayar da shi jaka. Na koma madafa da sauri na yi kamar tamba nake niƙa. Tausayinta ya kama ni sosai, amma ni ban iya lallashi ba, abin da na iya shi ne in ƙara mata gurasa a kwano in ce ta rame kamar sanda.

Da hadari ya fara haɗuwa sai ta je garin Hazaribag ta dawo da gwangwanaye shida na wani ruwa mara launi, irin mai ƙyallin nan da kafintoci ke fesa wa katako. Ta feshe bangon baranda da shi tun daga sama har ƙasa, sau biyu. Wannan karon hannunta bai yi rawa ba, tunda ba zane ba ne. Ta kawo babbar leda ta rufe, ta danne da duwatsu.

Na ce, "Ke, me kike yi wa bangon mutane?"

"Don kada ruwa ya ci shi, Goggo. A birni haka muke yi, zane ya yi shekara goma."

"Bangon birni siminti ne, mushe ne. Wannan numfashi yake yi. Ki toshe wa saniya hanci ki ce kina tsare ta daga mura?"

"Ke dai Goggo ki bari. Na san abin da nake yi."

"Ai na gani. Da can ma kin sani."

Bai kamata in faɗi wannan ba. Ta dube ni kallo ɗaya ta shige ɗaki, kwana biyu ba ta ci abincin da na dafa ba.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Danshi ya riƙa hawowa daga ƙasa yana shiga bangon, ya rasa ta inda zai fita. Ni na ga yadda cikin bangon yake kumbura a bayan ledar, na taɓa na ji ya yi laushi, na ja bakina na yi shiru.

Ruwa ya ɗauke, shinkafa ta yi ja. Gida gida mata suka fara yaɓe. Saura kwana biyar biki, gidanmu ne kaɗai a layin da bango a lulluɓe da leda kamar rumfar mai kifi. Yaya Etwa ba mai magana ba ne, amma na gan shi yana shafa wuyan bijiminsa yana kallon bangon. A tsohon zane za a shigo da shanu ranar Sohrai? Ko a shekarar yunwa ba mu yi haka ba. Na ɗauki kwandona na je rafi, na dawo na zube ƙasar a tsakar gida, na fara kwaɓi da ƙarfi don kowa ya ji.

Karmi ta fito. "Goggo, wannan na ina ne?"

"Na kaina ne, kitso zan yi da shi. Na ina kuwa?"

"Ba za ki taɓa bangon nan ba."

"Shekara talatin da ɗaya ina taɓa shi, tun ba a haife ki ba."

"Na sani. Aikinki ke nan ai, rufewa. Kin rufe nawa ina kallo. Wannan shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya taɓa, shi kaɗai ya rage mini, shi ma sai kin binne?" Ta juya wajen ubanta. "Baba, ka yi mata magana."

Yaya ya ce, "Uwarki ba ta taɓa barin zane ya kwana biki biyu ba, Karmi." Ya sunkuyar da kai. "Amma ba zan sa a yi miki dole ba."

Na wanke ƙafata na bar kwaɓin a wurin. Maganar ta shige ni, don rabinta gaskiya ce. Akwai kuma abin da na sani wanda zai iya kwantar mata da hankali, amma Birsi ta sa na rantse mata a kan ƙahon saniya ba zan faɗa ba, ni kuwa tsoron Birsi nake ji ko tana kabari.

Washegari da hantsi ina tankaɗe, Karmi ta ɗaga ledar don bangon ya sha iska. Sai na ji wani ƙara mai taushi, kamar an sauke buhun gari. Na fito da rariya a hannu. Fatar bangon gaba ɗaya ta saɓule ta zubo, shanu bakwai da balbelarsu sun zama ɓaraguzai a ƙasa. Ba zanen bara kaɗai ba, yaɓen shekara bakwai ne ya taho tare, daidai inda ƙasata ta ƙi kama santsin fenti tun farko. A wurin kuma ga fuskar Birsi, tsayin ƙofa, launinta bai dushe ba ko kaɗan, ido ɗaya a matse.

Yaya ya zo daga garke, ya tsaya, ya cire mayafin wuyansa ya riƙe a hannu. Karmi ta durƙusa tana tattara ɓaraguzan, tana haɗa ƙahon saniya da wuya, suna marmashewa a yatsunta. Ba kuka take yi ba, da ma kukan ne.

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni na kira mata mutuwar, ko Goggo? Ta faɗa ai."

"Kin kira mutuwa ta yi shekara bakwai a hanya? Wace irin malalaciyar mutuwa ce wannan? Hayaƙin murhu ne da ƙurar shinkafa suka ci ƙirjin uwarki, da taurin kan ƙin zuwa asibiti."

"Ta tafi tana fushi da ni. Yanzu kuma na rushe mata aikinta da hannuna."

A nan na yanke shawara. Na dubi fuskar da ke bango na ce mata a zuciyata, Birsi, na rantse ba zan faɗa ba, ban rantse ba zan riƙe wuƙa ba. Na shiga madafa na ɗauko ƙaramar wuƙar yankan albasa. Can kusurwar ƙasa, wajen tsintsiya, fentin Karmi bai kai ba, don haka yaɓen wurin bai zubo ba, yana nan hawa hawa kamar gurasar da aka jera.

"Zo nan. Tsuguna. Riƙe mini tsintsiyar nan."

Na sa bakin wuƙar a hankali na ɓamɓare fatar sama, ta bara. A ƙarƙashinta ga ɗan kunkuru da jar ƙasa, bai fi tafin hannu ba. Ƙafa uku.

Karmi ta ce, "Wannan nawa ne? Na yarinta?"

"Naki yana can ciki, sai an yi tono. Dubi layin da kyau. Ke kin iya jan layi haka kina shekara biyar?"

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa bangon. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san yadda Birsi ke ƙare layi, da ɗan lanƙwasa kamar jelar ɓera. Na ɓamɓare na gaba, ga wani. Na gaba, ga wani. A na huɗu ta karɓi wuƙar daga hannuna ta ci gaba da kanta, a hankali fiye da ni. Bakwai muka ƙirga. Na farkon cikinsu, mafi zurfi, an danna asuwakin da ƙarfi har ya huda ƙasar.

Tunda bango ya riga ya faɗa, sai na ƙarasa. Na ce, "Duk shekara, ranar da zan yi yaɓe, sai ta kori ubanki zuwa gona. Ta tsuguna a nan ta zana shi a kan tsohon bango, ta zauna tana kallonsa kamar tsawon dafa shayi. Sannan ta ce, Mangri, rufe shi. Na ce mata sau nawa, ke ki karɓi wayar mana ki yi wa yarinya magana. Ta ce ita ce uwa, ba ita za ta fara ba. Jikan Somri mai shago ne ya nuna mata zanenki a waya, na ƙarƙashin gada. Ta ce shanunki ƙafafunsu sun yi tsawo. Ta sa ya nuna mata sau huɗu."

Karmi ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya, sai kukan ya zo. Ta kifa goshinta a kan kusurwar ta yi shi sosai, irin wanda ya kamata ta yi wata goma da suka wuce. Na zauna a ƙasa kusa da ita na ɗora hannuna a bayanta, duk da gari a hannun. Yaya ya koma wajen shanunsa, na ji shi yana fyace hanci yana yi wa bijimin faɗa ba laifin komai.

Ba mu taɓa bangon ba ranar. Ta yini a baranda tare da fuskar, har ta ci abinci a wurin. Na ji tana magana ƙasa ƙasa, ban matsa don in ji ba.

Da safe na fito na tarar ta zuba ruwa a kwaɓin da na bari, ta naɗe zaninta zuwa gwiwa, tana tattakawa.

Na ce, "Kashin shanun bai isa ba. A kan santsin nan sai kin ninka, kuma ki karce shi da dutse tukuna, in ba haka ba jikokinki za su sha abin da muka sha jiya."

"To, Goggo."

"Ki bar ni in yi, ke ba ki iya ba."

"A'a. Wannan ni zan yi. Ke ki tsaya ki yi mini faɗa."

Na tsaya na yi mata faɗan. Ta fara daga ƙasa, ta rufe haɓa, ta rufe baki, ta hau kan turmi ta rufe gashi da jarfa ukun goshi. Yaɓenta duk tudu da kwari, na ga haka na haɗiye. Idanun ta bari a ƙarshe. Ta sauko ta tsaya da ƙasa cike da hannu biyu, ta daɗe. Yaya ya zo ya tsaya a bayanta, ni ma na matso, kamar yadda muka tsaya a bakin kabarin ranar da ba ta nan.

Ta ce, "Inna, na zo." Sannan ta shafa ƙasar a kan idanun, a hankali, daga sama zuwa ƙasa.

Kwana biyu bangon ya bushe. Ranar jajiberin biki na shirya farar ƙasa don shafin ƙarshe, wanda zane ke hawa kai. Karmi ta ce in dakata. Ta dubi ubanta ta ce, "Baba, ba ka da aiki a gona?" Ya dube ni, na dube shi, ya ɗauki laujensa ya fita. Ta sauko da jakar daga ƙusa, ta zaɓi gwangwani ɗaya ta girgiza, ta dube ni.

Na ce, "Ki sake sa mini santsi a bangon nan ki gani."

Ta mayar da shi tana murmushi. "Wannan na Ranchi ne, jibi zan kira abokaina. So nake in ji ko bai bushe ba." Ta karyo reshe daga bishiyar ƙofar gida, ta tauna bakinsa, ta tsoma a jar ƙasa, ta tsuguna a kusurwar tsintsiya. Na zuba wa hannun ido. Bai yi rawa ba. Layi huɗu ta ja, sai ga balbela a tsaye, ƙafafunta sun ɗan yi tsawo. Ta zauna a kan dugaduganta tana kallonta, ni kuma na jira da ƙwaryar farar ƙasa.

Can ta share fuska da bayan hannu. Ta ce, "Goggo, rufe ta."

Na tsuguna na rufe ta, na bi wurin da tafin hannu har ya yi sumul, sannan na miƙa mata asuwakin, don akwai shanu bakwai da za a zana kafin a shigo da na garke.